Baƙo a birni: ina za ka ci, nawa za ka biya?

Ɗaliban karatun manya, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram, na Tawa da Doso da Yamai, barkanku da war haka. Malamai masu koyarwa, sannunku da ƙoƙari. Wanda yake da kaye da bik kusa ya jawo su, don yau akwai lissafi cikin hirarmu.

Hirar yau ta cin abinci ce a birni. In kaka ta yi, an sai da wake ko gyaɗa, sai tafiya ta taso. Wani za shi Yamai ya ga ɗansa mai aiki. Wata za ta sunan jikanta. Wani za shi dubiyar marar lafiya a lopital, wani kuma sarin kaya. Yawanci ranar Juma'a ake tashi, don Asabar da Lahadi ne ma'aikata suke gida, kuma cikin ranakun nan ne mutanen birni suka fi yin bukukuwansu. Kwana biyu ne ko uku, ba yawa. Amma cikin kwanakin nan mutum yana iya cinye kuɗin buhun wake bai ankara ba, har ya rasa na motar komawa. Na taɓa ganin dattijo da furfurarsa tsaye bakin tasha, yana neman wanda zai cika masa kuɗin mota. Ba sata aka yi masa ba. Ci ya yi, ya sha, bai tambaya ba, bai ƙidaya ba.

To, aiki na farko tun daga gida ake yin sa. Kafin ka fita, ware kuɗin komawa. Sa su cikin aljihu dabam, ka ɗauka ba naka ba ne. Ke ma ƙulle naki dabam cikin lalita. Abin da ya rage shi ne na ci, da na taksi, da na tsaraba.

Kada ka ji kunyar yin guzuri. Hanya doguwa ce. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, daga Maraɗi ya fi 600, daga Damagaram kusan 900. Wuni guda ne cur cikin mota. In an tsaya a Ƙonni, ko Dogon Dutsi, ko Doso, tsayawar ba ta daɗewa. Masu talla su kewaye mota, direba yana hon, kowa yana sauri. Mai saye da sauri ba ya ciniki, mai saidawa kuma ya san ba zai sake ganinka ba. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari, dabino, soyayyar gyaɗa, da bido ɗaya na ruwan da ka yarda da shi, sun isa su kai ka birni ba ka taɓa aljihunka ba.

Yanzu ku buɗe kaye. Ga inda baƙo ya fi faɗawa rami.

Mu a Nijar, kuɗinmu ƙidaya biyu gare su. Akwai ta baki, akwai ta rubutu. Da baki, da dala muke ƙidaya. A rubuce kuwa, bisa kuɗin kansu da bisa allunan masu saidawa, da faran ake rubutawa, wanda tsofaffi suke kira tamma. Dala ɗaya faran 5 ce. Ɗauko kuɗin ƙarfe da kake kira dala ashirin, ka duba shi da kyau. Me aka rubuta? An rubuta 100. Takardar da kake kira dala ɗari, 500 ke jikinta. Jika ɗaya kuwa 1000. Da, ba ruwanka da wannan, launi da girma kake dubawa. Yanzu da ka iya karanta lamba, dole ka san wace ƙidaya ce gabanka.

Ni kaina abin ya taɓa ci na. Zuwana Yamai na farko, ina saurayi, ina taƙama na iya lamba. Na shiga wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, na tambayi yaron nawa ne shinkafa da kaza. Ya ce mini ɗari biyar. Na ce a raina, faran 500 ke nan, dala ɗari, ai da sauƙi. Na zauna na ci, har na ƙara da lemun kwalba. Da na tashi biya, ashe da dala ya gaya mini. Dala ɗari biyar, jika biyu da rabi, ban da kuɗin lemu. Na biya ina gumi. Washegari da burodi da ruwa na wuni. Yaron bai cuce ni ba, gaskiya ya faɗa. Ni ne ban tambaya ba.

Akwai kuma mai yin kuskuren ta ɗaya gefen. Ya ga an rubuta 300 bisa allo, sai ya ɗauka dala ɗari uku ne, ya ce wannan ya fi ƙarfina, ya wuce da yunwarsa. Alhali dala sittin ne kawai, kuma suna cikin aljihunsa.

Ga dabara mai sauƙi. In ka ga lamba a rubuce kana son ka san dala nawa ce, ninka ta biyu, sannan ka share sifiri ɗaya na ƙarshe. Mu gwada tare. An rubuta 250. Ninki biyu, 500. Share sifiri, saura 50. Dala hamsin ke nan. An rubuta 75. Ninki biyu, 150. Share sifiri, saura 15. Dala goma sha biyar. An rubuta 1500. Ninki biyu, 3000. Share sifiri, 300. Dala ɗari uku, wato jika ɗaya da rabi. Kun gani? Babu wuya. In kuma da baki aka gaya maka, kada ka ji nauyin sake tambaya. Ka ce: dala ko faran? In har yanzu kana shakka, fiddo kuɗin ka nuna, ka ce wannan? Kuma ka yi tambayar kafin a zuba maka. In abinci ya shiga ciki, ciniki ya ƙare.

A Yamai za ka iske masu abinci Zabarmawa da yawa. Galibinsu suna jin Hausa, amma kalma biyu ko uku na harshensu suna sa a sake maka fuska. Fofo gaisuwa ce, kuma godiya ce. Marje no shi ne nawa ne. Hari shi ne ruwa. Su ma da dala suke ƙidaya kamar mu. In ta ce waranka, dala ashirin take nufi. Waygu, dala hamsin. Zangu, dala ɗari. Zangu hinka, jika ɗaya.

Wani abu kuma game da kuɗi: canji. Mai ƙosai ba ta da canjin jika biyar, balle jika goma. In ka miƙa mata babbar takarda, ko ta ce ka jira a nemo, ko ta ce ka ƙara saye don kuɗin su cika. Ka fasa babbar takardarka tun wurin yankan tikiti, ko a butik in ka sayi wani abu mai ɗan tsada. Da dare kuma, ƙarƙashin ƴar fitila, launi yana ruɗi. Takardar jika biyu shuɗiya ce, ta jika biyar koriya, amma cikin duhu sai su yi kama. Karanta lambar. Don irin wannan rana kake zuwa karatu.

To, ina ake samun abinci mai arha?

Amsar ba ta da tsawo: inda masu aikin ƙarfi suke ci. Lebura, da mai tura amalanke, da ɗan kabu-kabu, da magini, da ɗan makaranta, kullum waje suke ci, kuma kuɗinsu ƙididdigaggu ne. Ba za su koma inda aka yi musu tsada ba, ba za su koma inda kwano bai cika ba. In ka ga benci cike da irin waɗannan mutane, kowa da kwanonsa, zauna. Kada ka tambayi mai babbar riga da mota inda ake ci da arha, bai sani ba. Tambayi mai gadi. Tambayi yaron mota. Tambayi mai wankin takalmi. Ka ce masa: kai ina kake ci? Ba ina ake ci ba, ina kake ci.

Bakin ƙofar tasha, nan ne baƙo yake fara sauka da yunwa, masu saidawa kuma sun san haka. Daure kaɗan. Yi tafiyar ƙafa, ka wuce layi biyu ko uku zuwa cikin unguwa. Sau da yawa za ka iske abinci iri ɗaya, kwano ya fi cika, kuma mai abincin ba ta sauri.

Amma ku lura da wani abu na Asabar da Lahadi. Matan da suke dafa wa ma'aikata abinci kusa da birori, da yawansu ba sa fitowa ranakun hutu, don masu saye ba sa nan. Mai masaukinka zai iya ce maka akwai wata mai shinkafa kusa da wurin aikinsa. Ka je ranar Lahadi, ka iske benci a kife. Saboda haka a ƙarshen sati, nufi wuraren da ba sa hutu: kasuwa, da kewayen tasha, da bakin lopital.

A Yamai, kewayen Babbar Kasuwa ba ya rabuwa da masu abinci. Gobara ta cinye wannan kasuwa a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Akwai kasuwar Katako, inda ake sai da katako da ƙarafa da kayan gini da hatsi. Can ma'aikatan ƙarfi suke da yawa, don haka tukwane ba sa sauka. Akwai Wadata, kasuwa ce kuma tasha ce. In wani tsoho da ya daɗe bai je ba ya ce maka ka nufi Ƙaramar Kasuwa, ka sani gobara ta cinye ta a 2012, ba za ka iske ta yadda ya san ta ba. Ƙetaren kogi kuwa, in ka bi gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, sai Harobanda. Can jami'a take, ɗalibai kuma ba su da kuɗi, don haka abincin da ake dafa musu daidai aljihun talaka ne. Sai dai kada ka hau taksi ka ƙetare kogi don shinkafa kawai. In ka biya kuɗin zuwa da na dawowa, arhar ta tafi cikin mai. Mai abincin da ƙafarka za ta kai ka wurinta ita ce taka.

Wuraren da suke bakin kogi, masu kujeru da iska mai daɗi, suna da kyaun gani. Amma can, kana biyan kuɗin kujera da fanka da kallon ruwa tare da kuɗin kifi. Haka nan wuraren yawon buɗe ido. In za ka kai yara gidan tarihi na Bubu Hama su ga zaki da dorina, abu ne mai kyau, amma ku ci ku ƙoshi kafin ku tafi, ku riƙe ruwanku. Yaro in ya ga mai talla, sai ya ji yunwar da ba ta nan.

Wanda tafiyarsa ba ta kai Yamai ba, dabarar ɗaya ce. A Maraɗi, Litinin da Juma'a ne manyan ranakun kasuwa. A Tawa, Lahadi. A Damagaram, kasuwar Dole ranar Alhamis take cika. Ranar kasuwa masu dafuwa sun fi yawa, kowace tana son ta saida, kuma abinci ba ya kwana.

Me za ka ci? Da safe, koko ko kunu da ƙosai, ko waina, ko farimasa. Suna da zafi, suna da arha, suna riƙe ciki. Teburin mai shayi yana da daɗin zama, ana hira, ana jin radiyo. Amma can kuɗi suna tafiya a hankali. Shayi kuɗinsa dabam, madara dabam, burodi dabam, bota dabam, ƙwai dabam. Kowane ɗaya kaɗan ne, in an tara sai ka ga ya kai kuɗin abincin rana. Faɗi abin da kake so tun farko, ka ce shayi da burodi na kaza, shi ke nan.

Da rana, shinkafa da wake da mai da yaji. Ni a ganina babu abin da ya fi ta ga baƙo, don wake yana daɗewa a ciki. Akwai dambu da zogale, wanda mutanen Yamai suke ci ƙwarai, suna kiran kwaɗon ganyen kopto. Akwai ɗan wake, akwai awara, akwai fura da nono. Da dare, tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa. Wurin mai tukunya, kai ne kake faɗin na nawa za a zuba maka, ba ita ba. Ka ce shinkafa ta dala hamsin. In kana son nama, tsoka-tsoka ake saida shi, tambayi kuɗin tsoka ɗaya. In ta ce in sa nama, ka ɗaga kai kawai, to za ta sa biyu ko uku, kuma ba kyauta ba ne.

Nama shi ne mai cinye guzuri. Da magariba hayaƙin tsire da balangu yana tashi ko'ina, ƙamshi yana kiran mutum da sunansa. Ban ce kada ka ci ba. Wanda ya zo birni bai ɗanɗana tsire ba, za a yi masa dariya a gida. Amma sau ɗaya, kuma bayan ka ci tuwo. Mai yunwa in ya tsaya gaban mai nama, jika ba ta isarsa. Kilishi kuwa bar shi sai ranar komawa, in kuɗi sun rage, ya zama tsaraba.

Yanzu mu koma ga karatu. Tun 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma allunan gidajen abinci galibinsu da Faransanci ake rubuta su. Faransanci kuwa ba kamar Hausa ba ne, ba a faɗinsa yadda aka rubuta shi. Rubuta waɗannan cikin kayenka. RIZ, ana cewa ri, shinkafa ce. SAUCE, ana cewa sos, miya ce. VIANDE nama ne. POISSON kifi ne. POULET, ana cewa pule, kaza ce. PLAT, ana cewa pila, shi ne kwano ɗaya. In ka ga allo a waje da kuɗi rubuce gaban kowane abinci, tsaya ka karanta, ka yi lissafinka, babu mai korarka. In babu allo a waje, sai ka shiga aka kawo maka takarda, duba lambobin da suke gefen dama. Sun fi ƙarfinka? Miƙa takardar, ka ce na gode, ka fita. Ba abin kunya ba ne. Kunya tana wurin biya, in aljihu bai kai ba. In kuma ka ga an rubuta BAR ko BUVETTE, wannan wurin shan giya ne. Wanda ya shiga neman lemu bisa kuskure, zai biya shi da tsada, ga kuma zama inda bai yi niyya ba.

Jama'a, akwai arhar da ba arha ba ce. Abincin dala hamsin da zai kwantar da kai, ya sa ka sayi magani na jika biyar, ka ga ai ya fi na gidan gilashi tsada. Kafin ka zauna, bar duban farashi, duba tukunya. Tana bisa wuta? Tururi yana tashi? A rufe take? Abincin da aka sauke tun safe, ya huce, ƙudaje suna bi, bar shi ko kyauta ne. A watannin bazara zafin Yamai yana wuce digiri 40, shinkafa da miya ba sa jimawa sai su juya. Duba kuma bayan mai abincin, inda ake wanke kwanoni. In bahon wanki ɗaya ne, ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, kowane kwano ana tsoma shi a fiddo, wuce gaba. Mai tsabta tana da ruwan sabulu dabam, na ɗauraya dabam. Ɗanyen salati da mayonez da suka sha rana, su ma a yi hattara da su. Tsire in ya huce, ka ce a mai da shi bisa wuta. Mai nama ba zai ƙi ba.

Hannunka fa? Ka riƙe ƙarfen mota, ka riƙe kuɗi, ka gaisa da mutum hamsin. Kada ka tsoma hannu cikin kwanon ruwan da kowa ya tsoma nasa. A zuba maka da buta, ka wanke da sabulu. Guntun sabulu cikin aljihu ba shi da nauyi.

Ruwa shi ne babbar magana, musamman da damina. A 2021 cutar amai da zawo, wadda likitoci suke kira kwalara, ta shiga jihohinmu, har da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Fiye da mutum 5000 suka kamu, fiye da 150 suka rasu. Ta ruwa da abinci marasa tsabta take shiga, kuma tana iya kashe ƙaton mutum cikin wuni ɗaya. Saboda haka ka san ruwan da kake sha. Ruwan famfo na gidan mai masaukinka, cika bidonka da shi kafin ka fita, ba ka biya ko dala ba. In za ka sayi ruwan leda, akwai iri biyu. Akwai wanda inji ya liƙe, da sunan masu yin sa rubuce a jiki. Akwai wanda aka ɗura da hannu aka ƙulle bakinsa. Ɗauki na farko. Ƙanƙara ma ruwa ce, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Zoɓo da lemun citta da fura, duk daɗinsu, da ruwa aka haɗa su, don haka saye wurin wadda ka ga tsabtarta. Shayi kuwa an tafasa shi, ba shi da wannan damuwa. Nonon kanti na leda ko na gora, juya shi ka nemi kwanan wata. Lamba ta farko rana ce, ta biyu wata, ta uku shekara. In ranar ta wuce, mai da shi.

Ke mai goyo, in jaririnki bai kai wata 6 ba, nononki ya ishe shi ko da zafi ya kai yaya. Kada wata cikin mota ta ce ki ba shi ruwa ki yarda. Ke ki sha, shi ya sha nono.

In Allah ya kawo tsautsayi zawo ya kama ka, kada ka jira sai ka koma gida. Nemi garin nan na leda da ake kira SRO a farmasi, ka zuba leda ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ka riƙa sha. In babu, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In zawon kamar ruwan shinkafa yake, ko da amai, maza likita, ko da tsakar dare ne.

Na san wani zai ce, ni duk wannan bai dame ni ba, gidan ɗan'uwana zan sauka, can zan ci. Madalla, zumunci ke nan. Amma ka tuna shi a birni komi saye yake yi. Gero saye, itace ko gaz saye, ruwa saye, ɗakin ma haya. Ba zai gaya maka ba, sai ya ci bashi ya yanka maka kaza. In za ka zo, riƙo tiya biyu ta gero ko ta wake, ko kuka da kuɓewa busassa, ko albasa in kai na wajen Galmi ne. Abin da yake banza gare ka a ƙauye, uwargidansa da kuɗi take sayensa. Ka kuma sanar da su da tarho kafin ka taso, ku nawa ne. In kun fita yawo da rana, ku ci a waje, ku ce kada a ajiye muku. Ta haka in ka ce za ka sake zuwa, da farin ciki za a ce sai ka zo.

To, mu tara lissafi. Misali ne, don kuɗin abinci yana hawa yana sauka, na kaka dabam, na bazara dabam. Kowa ya sa lambobin da ya iske. Mu ce wani manomi ya ware kuɗin motarsa, saura jika 3 na ci, wato 3000. Ya sauka Juma'a da dare, zai tashi Litinin da asuba.

Juma'a da dare: tuwo 350, ruwa 50. Jimla 400.

Asabar: koko da ƙosai 150, shinkafa da wake 300, tuwo 350, ruwa 100. Jimla 900.

Lahadi: kamar Asabar, 900.

Tara su: 400 da 900 da 900, ya zama 2200. Cire daga 3000, saura 800, dala ɗari da sittin. Da su zai ci tsirensa, ya sai wa yara alawa. Ku tuna kwanon da na ci a gidan gilashi, 2500. Kwano ɗaya ya fi abincin mutumin nan na kwana uku.

Ga aikin da za ku yi kafin haɗuwa ta gaba. Na ɗaya: an rubuta 350 bisa allo, dala nawa ne? Na biyu: mai abinci ta ce dala tamanin, wace lamba za ka rubuta da faran? Na uku: wata mata ta je Maraɗi suna, ita da ɗiyarta, da jika 2 na ci. Da safe sun kashe 250, da rana 600, da dare 500. Nawa ya rage mata, da faran da kuma dala? Ku yi shi cikin kaye, ku nuna wa malaminku. Wanda ya taɓa zuwa birni ya gaya wa ƴan ajinsu abin da ya ci da abin da ya biya, malam ya rubuta bisa allo, ku mai da shi dala tare.

Nan muka kawo ƙarshen hirar yau. Mai niyyar tafiya, Allah ya kai lafiya, ya maido lafiya. Sai sati mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.